Tsamin ƙasa: Gubar alminiyam da ke nakasa saiwar amfanin gona

Masana kimiyyar noma sun daɗe da gano cewa a yankuna da dama na duniya, abin da ke hana gona yin yabanya yana ɓoye ne a cikin ƙasar kanta. Idan ƙasa ta yi tsami, wani ƙarfe da ke kwance a cikinta yakan narke ya zama guba ga saiwar shuka.

Wannan ƙarfe shi ne alminiyam, wanda aka fi sani da goran ruwa, watau irin wanda ake ƙera tukwane da butoci da kwanon rufi da shi.

Wani ƙiyasi da aka wallafa a 1995, wanda har yanzu masana ke kafa hujja da shi, ya nuna cewa ƙasa mai tsami ta mamaye hekta miliyan 3,950, kimanin kashi 30 cikin ɗari na doron duniya in an cire inda ƙanƙara ta lulluɓe. Babban ɓangare na wannan fili yana ƙasashe masu zafi ne na Afirka da Kudancin Amurka da kudu maso gabashin Asiya, inda jama'a ke ƙaruwa kuma buƙatar abinci ke daɗa hauhawa.

Yadda ƙarfe ke zama guba

Alminiyam shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon duniya, domin ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa. Babu wata gona da za a taka a ce ba ya cikinta. A mafi yawan lokuta yana ɗaure ne a cikin yumɓu da duwatsu, ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba ya cutar da komai.

Lamarin yakan sauya ne idan ƙasa ta yi tsami. Masana na auna tsami da wani ma'auni da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Tsarkakakken ruwa yana kan 7, ruwan lemun tsami yana wajen 2, kanwa da toka kuwa suna can sama da 7. Duk matakin da aka sauko a wannan ma'auni, tsami ya ninka sau goma ke nan.

Galibin amfanin gona sun fi jin daɗin ƙasar da ma'auninta ke tsakanin 6 da 7. Da zarar ya faɗo ƙasa da 5.5, sai alminiyam ya fara saki daga jikin yumɓu yana shiga damshin ƙasa. Idan ya sauko ƙasa da 5, narkewar takan ƙaru ainun.

Ba a buƙatar mai yawa kafin ya yi ɓarna. Gwaje-gwaje sun nuna cewa abin da bai kai giram 1 ba a cikin lita 1,000 ta ruwa ya isa ya rage girman saiwar alkama maras juriya, kuma ana iya ganin tasirinsa cikin sa'o'i kaɗan.

Tun a 1918 ne wasu masu bincike biyu a jihar Rhode Island ta Amurka, Hartwell da Pember, suka danganta matsalar da alminiyam. Sun lura cewa a ƙasa guda mai tsami sha'ir yakan lalace, alhali wani dangin alkama mai suna rayi yana girma lafiya, suka kuma nuna cewa bambancin ya samo asali ne daga yadda kowannensu ke jure wa wannan ƙarfe.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa

Gubar tana kama tsinin saiwa ne, wato ɗan bakin nan mai taushi da ke kutsawa cikin ƙasa. A nan ne sababbin ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa suna miƙewa. Alminiyam yakan manne a bangon waɗannan ƙwayoyi ya sandarar da su, sai miƙewar ta tsaya.

Idan aka tuge irin wannan shuka, za a ga saiwarta gajera ce, mai kauri, ta yi launin ƙasa-ƙasa, kuma tana karyewa da sauƙi. Ƙananan rassa da siraran gashin da ke tsotso ruwa sukan yi ƙaranci ƙwarai.

Daga nan ne sauran matsaloli ke biyo baya. Shukar da saiwarta ta maƙale a saman ƙasa ba ta iya kai wa ga damshin da ke can ciki. Idan ruwan sama ya ɗauke na mako ɗaya ko biyu a tsakiyar damina, ita ce ke fara yanƙwanewa, yayin da mai doguwar saiwa ke ci gaba da tsayuwa.

Haka kuma alminiyam yakan kama sinadarin fosfaras, wanda shi ne ke cikin takin supa kuma yana cikin kamfa, ya ɗaure shi ta yadda shuka ba za ta iya sha ba. Yana kuma hana ta samun isasshen kalsiyam da magniziyam. Sakamakon haka manomi zai iya kashe kuɗi ya zuba taki, amma kaɗan ne daga ciki zai shiga jikin abin da ya shuka.

Wannan ne ya sa matsalar ke da wuyar ganewa da ido. A sama, abin da ake gani shi ne shuka ta tsumbure, ganye ya yi fatsi-fatsi ko ja-ja, kara ya yi siriri. Sai a ɗora laifin kan fari, ko rashin ingancin taki, ko mugun iri, ko kuma a ce gona ce ta gaji.

Me ke kawo tsami?

Dalili na farko shi ne ruwan sama. Inda ake tafka ruwa shekaru aru-aru, yakan wanke kalsiyam da magniziyam da fotasiyam daga saman ƙasa ya nutsar da su, ya bar tsami a baya. Shi ya sa ake samun ƙasa mai tsami sosai a kudu maso gabashin Nijeriya, da kudu maso yammacin Ghana, da dazuzzukan kudancin Kamaru, da yammacin Kenya, da tsaunukan Habasha. A Nijeriya, tsaunukan Jos da na Mambila ma suna cikin wannan rukuni.

Dalili na biyu shi ne girbi. Duk damin da aka ɗauke daga gona yana tafiya ne da sinadaran da ke rage tsami. Idan aka haɗa da kwashe kara da harawa kakaf, don abincin dabbobi ko makamashi ko danni, asarar takan ninka.

Dalili na uku, wanda ya fi shafar wannan zamani, shi ne takin zamani mai naitrojin. Idan aka zuba yuriya, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sukan sarrafa ta, kuma a cikin wannan aiki ne ake samun tsami, musamman idan ruwa ya wanke wani kaso na takin kafin shuka ta sha. Takin salfa, watau amoniyam salfet, ya fi yuriya wannan illa da kusan ninki uku.

Ko ƙasashen da suka ci gaba ba su tsira ba. Manoman alkama a jihohin Oklahoma da Kansas na Amurka sun fara fuskantar tsamin ƙasa da gubar alminiyam a shekarun 1970 da 1980, bayan shekaru suna zuba naitrojin ba tare da gyara ƙasa ba. Manoman Ostireliya ma sun daɗe suna fama da irin wannan.

Darasi daga Barazil

Idan ana batun shawo kan matsalar, misalin da aka fi bayarwa shi ne na yankin Serrado a tsakiyar Barazil. Fili ne mai ciyayi da gajerun itatuwa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 2, watau ya ninka Nijeriya fiye da sau biyu.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ana ɗaukar yankin a matsayin wurin da bai dace da noma ba. Ruwan sama isasshe ne, filin kuma a shimfiɗe yake, amma ƙasar tana da tsami da alminiyam mai yawa, ga ƙarancin fosfaras.

A shekarun 1950, wani masanin ƙasa Ba'amurke, Colin McClung, ya nuna cewa idan aka zuba garin dutsen farar ƙasa tare da takin da ya dace, ƙasar za ta iya ba da amfani mai yawa. Farar ƙasa tana kashe tsami, kusan kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya. Da tsami ya ragu, sai alminiyam ya koma ya daskare ya saki saiwa.

A 1973 gwamnatin Barazil ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa, sannan a 1975 ta buɗe wata cibiya ta musamman don yankin, kusa da Barasiliya babban birnin ƙasar. Manoma suka riƙa zuba tan-tan na farar ƙasa a kowace hekta.

Sai dai farar ƙasa ba ta saurin nutsewa, inda garma ta kai kaɗai take gyarawa. Masu binciken sun gano cewa wani ma'adini mai suna jifsam ya fi ta narkewa, yana bin ruwa ya kai kalsiyam can ƙasa, ya rage kaifin alminiyam, har saiwa ta sami damar zurfafawa. Aka kuma samar da irin waken soya da masara da dawa da suka dace da yankin.

A 2006 an ba McClung lambar yabo ta duniya kan samar da abinci, tare da 'yan Barazil biyu, wato masanin ƙasa Edson Lobato da tsohon ministan noma Alysson Paolinelli. A wajajen 2020 Barazil ta zarce Amurka ta zama ƙasar da ta fi kowace noman waken soya a duniya.

To amma nasarar ba ta zo a banza ba. An share kusan rabin dajin Serrado na asali, kuma masu sukar tsarin na cewa manyan manoma masu jari da injuna ne suka fi cin gajiyarsa. Tsarin ya dogara ne da bashi mai rahusa da hanyoyin mota da wuraren haƙar farar ƙasa a kusa, abubuwan da ƙaramin manomi a Afirka ba kasafai yake samu ba.

Shukar da ke kare kanta

Tsirrai ba su zama ɗaya ba wajen juriya. A cikin hatsi, shinkafa da rayi ne suka fi ƙarfi, sha'ir ne kuma ya fi rauni. Rogo da abarba da roba da kwakwar manja suna rayuwa a ƙasa mai tsami. Ganyen shayi ma ya fi son irin wannan ƙasa, yana tara alminiyam a cikin tsofaffin ganyayensa ba tare da ya cutu ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake nomansa a Mambila da ke jihar Taraba.

A 1993 masu bincike a Ostireliya, ciki har da Emmanuel Delhaize da Peter Ryan, suka bayyana sirrin alkama mai juriya. Da zarar tsinin saiwarta ya ji alminiyam, sai ya fitar da wani ruwa, irin sinadarin da ke sa tuffa tsami. Wannan ruwa yakan kama alminiyam ya ɗaure shi a waje, kafin ya shiga saiwa.

A 2004 masana a Jami'ar Okayama ta Japan, da haɗin gwiwar takwarorinsu na Ostireliya, suka gano ƙwayar gadon da ke sarrafa wannan aiki a alkama, suka sa mata suna ALMT1.

Labarin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne na dawa. A 2007 wata tawaga ƙarƙashin Jurandir Magalhaes na Embrapa da Leon Kochian da a lokacin yake aiki a Jami'ar Cornell ta Amurka ta gano ƙwayar gado mai suna SbMATE. Ita ce ke sa saiwar dawa ta fitar da irin sinadarin da ke cikin lemun tsami don kare kanta.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa juriyar ba ta da yawa a cikin nau'o'in dawa na duniya, kuma an fi samunta a nau'in da ake kira gini, wanda manoman Afirka ta Yamma suka daɗe suna nomawa. Wani nazari da aka wallafa a 2014 kan dawar yankin ya gano cewa ɓangaren gadon da ke ba da wannan juriya yana kuma da alaƙa da ƙarin amfani a ƙasa mai ƙarancin fosfaras.

Sanin waɗannan ƙwayoyin gado ya sauƙaƙa aikin masu inganta iri. Ta hanyar gwajin ɗan guntun ganye za su iya tantance tsiron da ya gaji juriyar, ba sai sun jira kaka ba, kuma ana yin haka ne ta auratayya irin ta al'ada tsakanin nau'o'in dawa. A Kamaru, cibiyar binciken noma ta IRAD ta fitar da masara mai jure tsami da ake kira ATP, don manoman yankin daji.

Ina aka kwana a yankin Sahel?

Tun da ruwan sama mai yawa ne ke kawo tsami, ana iya zaton cewa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ba su da wannan damuwa. Binciken da aka yi a yankin ya nuna akasin haka a wurare da dama.

Dalili kuwa shi ne yanayin ƙasar jigawa. Rairayi ne zalla, yumɓu kaɗan, ruɓaɓɓen ganye kaɗan, saboda haka ba ta da abin da zai tare mata tsami. Ɗan sauyi kaɗan ya isa ya sauko da ma'auninta.

A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ƙasar da ake gwaji a kanta ta haura kashi 90 cikin ɗari rairayi, kuma tana da tsami. A shekarun 1980 masu bincike a Nijar sun nazarci abin da kowane manomin gero ya sani: a gona guda, nan gero ya yi tsawo ya yi kauri, taki kaɗan gaba kuma ya tsumbure. Sun tarar cewa wuraren da suka lalace sun fi tsami kuma sun fi narkakken alminiyam. Sun kuma tarar cewa barin karan gero a gona shekara da shekaru yana rage tsamin, yana rage alminiyam, yana ƙara yawan saiwa.

Akwai wasu dogayen gwaje-gwaje biyu da masana ke yawan ambato. Na farko an fara shi a 1950 a Samaru ta Zariya, inda cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello take. Na biyu an fara shi a 1960 a Saria ta Burkina Faso. Dukansu sun nuna cewa filin da ake zuba wa takin zamani mai naitrojin shi kaɗai yakan yi tsami a hankali, har amfanin ya fara ja da baya, yayin da filin da aka haɗa masa da kashin dabbobi ya riƙe ƙarfinsa.

Wasu abubuwan da aka saba gani a karkara suna taimakawa. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga hamada tana sauke kalsiyam da fotasiyam a gonaki. Gawo yana zubar da ganyensa da damina ya ciyar da ƙasar da ke gindinsa. Tsohuwar yarjejeniya tsakanin manoma da Fulani makiyaya, inda shanu ke kwana a gona bayan girbi, da kuma al'adar kai toka da sharar gida gona a kan jakuna, duk suna rage tsami. Yawan jama'a da ƙarancin fili da rikicin manoma da makiyaya sun raunana wasu daga cikin waɗannan al'adu.

Masana dai na jaddada cewa a yankin Sahel ƙarancin fosfaras da naitrojin ne suka fi takura wa amfanin gona, kuma ba kowace ƙasa ce ke da tsami ba. Baƙar laka ta yankin Tafkin Chadi da wasu filayen noman rani matsalarsu gishiri ce da kanwa. Zuba farar ƙasa a irin waɗannan wurare asarar kuɗi ce, kuma tana iya hana shuka samun wasu sinadaran kamar zinki.

Mafita

Mataki na farko da masana ke ba da shawara shi ne gwajin ƙasa. Auna tsami ba shi da wuya kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin buhun taki, ana yinsa a jami'o'i da cibiyoyin binciken noma, har ma akwai ƙananan na'urorin da malaman gona ke iya tafiya da su ƙauye.

Idan gwaji ya tabbatar da tsami, ana zuba farar ƙasar da aka niƙa lilis, a cuɗanya ta da ƙasa makonni kafin shuka, domin tana buƙatar lokaci da damshi kafin ta yi aiki. Ƙasar rairayi ba ta buƙatar mai yawa kamar ƙasar yumɓu. Amfaninta yakan ɗauki shekaru kafin a sake. Ita kuwa kanwa ba ta maye gurbin farar ƙasa, domin gishirin da ke cikinta yana lalata gona.

Babbar matsalar farar ƙasa ita ce nauyi da kuɗin dako. Nijeriya na da dutsenta mai yawa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Obajana ta Kogi, amma kamfanonin siminti ne suka fi amfani da shi, kuma ba a saba ganin farar ƙasar noma a kasuwannin ƙauye kamar yadda ake ganin yuriya ba.

Ga manomin da ba shi da halin haka, akwai matakan da ba su fi ƙarfinsa ba: haɗa takin zamani da na gargajiya, barin wani kaso na kara a gona, zuba toka, raba yuriya kashi biyu ko uku maimakon zubawa lokaci ɗaya, da zaɓen iri mai juriya. Garin dutsen fosfat, irin wanda ake haƙa a Tawa ta Nijar, ya fi narkewa a ƙasa mai tsami, don haka ya dace da ita. Haka nan tsarin sanya ɗan taki cikin murfin kwalba a kowane ramin shuka, wanda ICRISAT ta yaɗa a Nijar da Mali da Burkina Faso, yana rage ɓarnar taki.

Batun yana ƙara muhimmanci ne saboda yadda nahiyar ke ƙoƙarin ƙara yawan takin da take amfani da shi. A taron ƙoli na Abuja a 2006, shugabannin Afirka sun amince a ɗaga shi daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. A 2022 an buɗe masana'antar takin Dangote a Legas, wadda aka gina don samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara.

Masana ƙasa ba su musanta cewa gonakin Afirka na buƙatar wannan taki ba. Gargaɗinsu shi ne, abin da ya faru a filayen gwajin Samaru da Saria zai iya faruwa a miliyoyin gonaki idan aka ƙara yuriya ba a kula da tsami ba. A taron da Tarayyar Afirka ta kira a Nairobi a watan Mayun 2024, an haɗa batun taki da na lafiyar ƙasa wuri guda, aka kuma amince da shirin aiki na shekaru goma don farfaɗo da gonakin da suka lalace.